RTL8812AU ko MT7612U: wacce za ka saya

Malam, ka tambayi wacce za ka saya don kwamfutarka ta Linux cikin kle biyun wifi (na'urar da ake sokawa a USB) da ka ambata, mai cif ɗin RTL8812AU na Realtek ko mai MT7612U na MediaTek: ɗauki mai MT7612U, irin Alfa AWUS036ACM. Direbanta (manhajar da ke sarrafa ta), mt76x2u, yana cikin karnel, wato zuciyar tsarin Linux, tun 4.19 ta shekarar 2018. Irinta ce ke maƙale a bayan injin da nake aiki da shi: a sabunta karnel, a tayar da injin, fitilarta ta kama, shi ke nan. Abin da take buƙata duk yana cikin kunshin linux-firmware na Ubuntu.

RTL8812AU ma tana aiki, ba a ce ba ta yi ba. Amma sai a karnel 6.13 ne rtw88, direban Realtek na cikin karnel, ya karɓe ta, alhali Ubuntu 24.04 da 6.8 ta fito, Debian 12 kuma da 6.1. A waɗannan karnel ɗin dole ka sauko da direba daga waje ka haɗa da kanka.

Nan ne wahalar take. Linux ba ta yi wa kowa alkawarin barin ƙofofin cikin karnel, waɗanda direbobi ke bi ta cikinsu, yadda suke ba. Idan aka sauya wani aiki, masu karnel suna gyara duk direbobin da ke cikin gida a lokaci guda, na waje kuwa sai mai shi ya farga. A 5.17 an hana rubutu kai tsaye cikin dev_addr, sai ta eth_hw_addr_set. A 6.1 an cire wa netif_napi_add ƙimarsa ta ƙarshe. Shi ya sa za ka ga direbobin waje cike da layukan #if LINUX_VERSION_CODE, kowanne faci ne kan faci. Kuma modul, wato direban da aka riga aka haɗa, in an haɗa shi wa karnel ɗaya ba ya shiga wata: duba modinfo, layin vermagic in bai dace da uname -r ba, amsar da za ka samu ita ce Invalid module format.

Manhajar DKMS na sake haɗa modul duk lokacin da sabuwar karnel ta shigo, amma gyaran rubutun direban ba aikinta ba ne. In haɗin ya karye, za ka tashi ba wifi, gyaran kuma yana kan intanet ɗin da ka rasa. A nan Damagaram, ga ɗaukewar wuta ga tsadar forfe (kuɗin data), wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In ka riga ka sayi Realtek ɗin, sa dkms, build-essential da linux-headers na karnel ɗinka tun kana da layi. Kar ka goge tsohuwar karnel, GRUB, menun tayar da injin, zai ba ka ita in sabuwa ta ƙi. In haɗi ya faɗi, karanta make.log a ƙarƙashin /var/lib/dkms, kuskuren farko shi ne na gaske. Mai Secure Boot (tsaron da ke hana loda modul marar sa hannu) kuma ya yi rajistar makullinsa da mokutil, in ba haka ba karnel za ta ƙi modul ɗin ko da ya haɗu lafiya. 

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Kwali ɗaya kan ɗauki cif daban: misali kle ɗin TL-WN722N, fitowarta ta farko Atheros AR9271 ce, ta biyu da ta uku Realtek RTL8188EUS, wasu kuma sai su rantse maka ta farko ce. Ko a kasuwar Dole ne ko ta Kano aka kawo maka, je da kwamfutarka, soka kle ɗin a gaban mai sayarwa, buga umarnin lsusb. Alfa AWUS036ACM tana nuna 0e8d:7612. In ka ga wata lamba, mayar masa da kayansa kafin ka ciro kuɗi.