Tom Brown's Schooldays na ITV: fim ɗin ya yi, amma an yi wa shugaban makarantar kwalliya

Jama'a duk mai neman fim ɗin makarantar kwana ta Turawa, na kalli Tom Brown's Schooldays wanda tashar ITV ta Ingila ta fitar a 2005, kuma gaskiya kuɗin data na bai tafi a banza ba. Bai kai awa biyu ba, hoto tas, kayan sawa da gine-ginen duk na zamanin da ne. Turancinsu ne dai sai ka kunna rubutun ƙasa in ba haka ba rabin maganar zai wuce ka.

Asalin labarin littafin Thomas Hughes ne na 1857, shi kansa tsohon ɗalibin makarantar kwana ta Rugby da ke Ingila ne, kuma abin ya faru ne wajen shekarun 1830 lokacin da Dakta Thomas Arnold ke shugabanta. Alex Pettyfer ne ya fito a Tom, Stephen Fry kuma shi ne Arnold.

Abin da ya fi kama ni ba bulalar malamai ba ce, zaluncin siniyoyi ne. Akwai wani Flashman, kai wannan yaro mugu ne na ƙarshe, ƙananan yara sun zama bayinsa, aike ba dare ba rana, kuma wajen da suka kama Tom suka kara shi jikin wutar murhu wallahi sai da na kau da kai, ga shi kuma ba halin kai ƙara don duk wanda ya tona sauran yara ma sun tsane shi. Wanda ya yi makarantar kwana a nan ba sai an yi mai bayani ba, tsarin firifet ɗinmu ai daga wajensu muka gada tun zamanin Turawan mulkin mallaka.

Inda na samu matsala shi ne Arnold. An nuna shi kamar mutumin da ya zo ceton yara kawai, alhali a tarihi shi ma yana zane ɗalibai kuma shi ya ƙara wa 'yan ajin ƙarshe ƙarfi har da ikon hukunta na ƙasa da su. Wato ya yaƙi masu zalunci amma sandar ya bar ta a hannun yara. Fry ya iya wasa ba laifi, sai dai ya cika tausasa mutumin. Kuma kar a ɗauka abin ya ƙare tun da can, sai 1987 aka daina duka a makarantun gwamnatin Ingila, masu zaman kansu kuma sai 1999.

Akwai na BBC na 1971 mai kashi-kashi in kana da haƙurin tsohon hoto. Na ITV ɗin kam na ba shi 7 cikin 10, amma kar a kunna wa yaron da ake shirin kaiwa makarantar kwana, zai ce shi ya fasa.