Crazy Ex-Girlfriend: masu sharhi sun yi gaskiya, amma canjin Greg ya ƙona min rai

Wannan fim mai dogon zango irin wanda masu sharhi a Amurka suka haɗu suka yi ta kambamawa ne amma 'yan kallo suka yi kunnen uwar shegu da shi. Tashar CW ta fara haska shi a Oktoban 2015 aka rufe a Afrilun 2019, zango 4, kashi 62, kuma duk tsawon lokacin nan yana can ƙasan layi wajen yawan masu kallo, yawanci ko mutum miliyan 1 ba ya tarawa a daren da ake sa shi, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 300 fa. A gefe guda kuma jarumar, Rachel Bloom, wadda ita da Aline Brosh McKenna suka ƙirƙiro shi, ta ci kyautar Golden Globe tun a Janairun 2016, a shafin Rotten Tomatoes mai tattara ra'ayin masu sharhi ma kowane zango ya haura kashi 90 cikin 100. To ni dama duk abin da masu sharhi suka cika yabo tsoronsa nake ji, don sau tari sai ka zauna kallo ka tarar abin nasu ne su kaɗai, na 'yan boko masu son nuna sun fi kowa fahimta.

Labarin ba wani mai wuya ba ne. Rebecca Bunch lauya ce a New York, ta yi Harvard ta yi Yale, ana shirin ƙara mata girma a wurin aiki sai ta yi kiciɓis a titi da Josh Chan, wani saurayi da suka yi 'yar soyayya tana shekara 16, ya ce mata zai koma garinsu West Covina a California, kawai baiwar Allah ta ajiye aikin ta tattara ta bi shi, tana ta rantsuwa wai ba don shi ta zo ba, garin ne kawai ya burge ta. Zangon farko dariya ce zalla da jin kunya a madadinta, don wallahi akwai wuraren da sai na tsayar da kallon na ɗan zagaya saboda irin ƙaryar da take shararawa, ita da ƙawarta Paula da ke zuga ta. Waƙoƙin kuwa ba irin na fim ɗin Indiya ba ne da za ka iya tsallakewa ka dawo ka tarar labari na nan inda ka bar shi. Nan yawanci waƙa a cikin kan Rebecca take faruwa, in ka tsallake ta ka tsallake rabin maganar. Sun yi sama da 150, kowacce tana kwaikwayon wani salon kiɗa daban tana kuma yi masa shaƙiyanci, Bloom ce da Jack Dolgen da Adam Schlesinger suka rubuta yawancinsu, sun ma ci Emmy a 2019 da ɗaya daga ciki, Schlesinger ɗin kuma korona ta yi ajalinsa a 2020.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne zango na 3, kuma daga nan zan fasa ƙwai, wanda bai kalla ba ya san inda dare ya yi masa. Ni dai na shiga ne da tunanin barkwanci da soyayya, a ƙarshe ta auri ɗaya a tashi. Sai ga shi asirinta ya tonu gaban kowa, ta zazzagi duk abokanta, ta gudu gidan uwarta a New York, uwar da ba ta taɓa nuna mata so ba sai ga shi tana ta lallaɓa ta tana haɗa mata abin sha mai sanyi, ashe magani take zuba mata a ciki a ɓoye don ta tsorata da halin da 'yar ke ciki. Da Rebecca ta gano ta hau jirgi, a cikin jirgin nan ta yi yunƙurin kashe kanta. Babu kiɗa babu wasa, fim ɗin da ko atishawa aka yi sai an rera mata waƙa, nan tsit. Tana zaune idonta na rufewa ta kalli maɓallin kiran ma'aikaciyar jirgi da ke saman kanta, rubutun da ke jiki, "help" wato taimako, ya rikiɗe mata ya koma "hope" wato fata, ta miƙa hannu da ƙyar ta danna. Jikina ya mutu gaskiya, ban taɓa zaton tashar da aka sani da fina-finan matasa da na jarumai masu tashi sama za ta bari a je wajen ba.

Kashin da ya biyo baya ma ya fi taɓa ni. Likita ya ce mata akwai sabon sunan da aka gano na lalurarta, ta yi ta murna har da waƙa wai a ƙarshe za ta san ita wace ce, ya ce mata BPD ce, wato borderline personality disorder, wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma don Allah kar ta je ta bincika a intanet, ai kuwa ta shige banɗaki ta zaro waya, ka ga fuskarta na canjawa tana karantawa. Lalura ce mai sa mutum mugun tsoron a guje shi, yau ya ɗauke ka kamar mala'ika gobe ya ga babu mugu kamarka, kuma sai a lokacin na tuno duk abin da na yi ta ƙyaƙyata wa dariya a baya, bin Josh, ƙarya, cinna wa gida wuta, ashe tun farko alamun ake jera mana. A nan na sallama wa masu sharhi, na ce ko don wannan kaɗai fim ɗin ya cancanci yabon da aka yi masa.

To amma fa zango na 4 ya dawo min da haushina sabo. Greg, abokin Josh mai aikin mashaya, mai baƙar magana, shi ne wanda na fi so a duk fim ɗin kuma Santino Fontana ne ya hau shi, mutumin da muryarsa kaɗai ta isa, wannan waƙar da suka yi baƙi da fari yana roƙonta ta haƙura da shi tunda wancan bai samu ba, har yau ita ce tawa. A farkon zango na 2 ya bar fim ɗin, aka ce Greg ya gane giya na neman halaka shi ya tafi karatu Atlanta, rabuwa mai kyau a filin jirgi, na yi baƙin ciki amma na yarda. Kwatsam a zango na 4 wai ga Greg ya dawo, sai na ga wani mutum daban, Skylar Astin. Suka mayar da abin wasa, wai Rebecca ba ta gane shi ba saboda duk sun canja sai take ganinsa kamar wani. Haba don Allah. Masu sharhi da yawa sun ce dabara ce, ni kuwa na ce rufa-rufa ce kawai. Astin ya iya waƙa ban ƙi ba, amma Greg ɗinsa mai fara'a ne, lafiyayye, babu wannan ɗacin da gajiyar da ke idon na farko, duk lokacin da suka tuno abin da ya faru tsakaninsu a baya sai in ji kamar baƙo ne aka ba shi labari ya haddace. Fontana kuwa a shekarar 2019 ɗin kyautar Tony ya ci, wadda ake ba 'yan wasan dandali na Broadway a New York, wannan ma ya ƙara min takaici.

Kuma tunda an taɓo, bari in faɗa, 'yan kallon da suka gudu ba wawaye ba ne. Zangon ƙarshe kashi 18 ne alhali labarin da ya rage bai kai haka ba, aka yi ta jan rai da Darryl ubangidanta a wurin aiki da ƙawayenta su Heather da Valencia, wasu kasusuwan kallo ɗaya ma sun yi yawa. Asali ma tashar Showtime aka shirya wa shi a matsayin na rabin awa, suka ƙi, CW ta karɓa ta miƙe shi zuwa awa ɗaya da talla, kuma kana jin wannan miƙewar a jikinka. Ga batsa a waƙoƙin, ko wanda aka tace don talabijin ba na kallo da yara ko gaban manya ba ne, wannan kam na faɗa muku. Sannan Rebecca ba mai sauƙin so ba ce, mutumin da ya dawo aiki a gajiye yana neman abin dariya ba lallai ya jure mata ba.

Ƙarshen kuma, an jera mata Josh da Nathaniel, wani ubangidanta a wurin aiki da suka yi soyayya, da sabon Greg ta fita da kowa, ta ce babu wanda ta zaɓa, rubuta waƙa za ta koya. Wannan ban yi jayayya ba, ya dace da ita. Amma shekara 4 ana nuna mana waƙoƙin cikin kanta, ranar da ta zauna gaban fiyano za ta rera ta farko da ta rubuta da hannunta sai a kashe hoto? Ko baiti ɗaya fa ba su ba mu ba. Zango na 1 zuwa na 3 zan ba shi tauraro 5 ba tare da tunani ba, na 4 kuwa 3 ma don darajar Paula ne da ta gama karatun lauyanta.