Bekin soda da ruwan khal: manja ya fita, goro ya ƙi

Matan rukuninmu na WhatsApp sun cika mana kunne da haɗin bekin soda da ruwan khal, wai babu tabon da zai gagare shi. Na sayo su a Babbar Kasuwa wajen masu kayan kek, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba.

Farin zanen gadona da nake shimfiɗawa in za a yi baƙi, shi autana ya hau da kwanon alale ya kifar. Manja ja wur tun daga tsakiya har gefe. Ban sa ruwa ba tukuna, sai na barbaɗa bekin sodar a bushe, na bar ta ta tsotse man har ta koma dunƙule-dunƙule, na kakkaɓe. Daga nan na ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka, na cuɗa sosai na ɗauraye. Maiƙon ya tafi amma ga shatin ruwan ɗorawa nan zaune daram, raina duk ya ɓaci. Haka na shanya shi bisa igiya tsakar gida. Kun dai san ranar Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Kafin kiran la'asar na je kwashe shanya, wallahi sai da na juya zanen gaba da baya ina neman wurin. Ashe jan manja rana ce ke cinye shi. A nan kam na yaba, har na yi ta tallata wa mutane.

Amma khal ɗin nan, ni ban ga aikin da ya yi ba. In ka zuba shi kan sodar sai kumfa ta taso fuuu, ka ɗauka wani abin kirki ake yi, alhali ɗaya tsami ne ɗaya kuma dangin kanwa, kashe juna kawai suke yi.

Farar shaddar maigida ta Sallah ita ta tona asirin haɗin. Goro ya ɗiga a gaban rigar, ya kwana biyu, har an bi ta kansa da dutsen guga. Na jiƙa, na goga, na sake jiƙawa, tabon ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa, ya tsaya nan. Abin takaicin ma, inda aka goga ɗin duk sheƙin shaddar ya mutu. Da ya ɗaga ta sai cewa ya yi, "Maman yara, mi kinka yi ma rigar ga?" Maƙwabciyata ta ce in ƙara bilic a cikin ruwan, na ce a'a, bilic da khal ko lemun tsami in sun haɗu iska mai guba suke fitarwa, ta shaƙe wa mutum ƙirji.

Jinin haɓo kan matashin kai kuwa ruwan sanyi da gishiri suka fitar min da shi, don ruwan zafi dafa shi yake ya kama zare.

Bekin soda zan sake saye. Khal ya koma kicin. Rigar kuma maigida ya ce a kai wa masu rini su mai da ita shuɗiya, kuɗin rinin daga aljihuna.