Jamus a 1914: ta Beljiyam ko gabas?

Hanya biyu ke gaban Jamus a Agustan 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta ɗauki shirin yaƙinta mai suna Schlieffen, ta ratsa Beljiyam don murƙushe Faransa cikin mako shida kafin Rasha ta kimtsa. Ingila kuwa ta sa hannu a yarjejeniyar 1839 ta kare Beljiyam, nan take ta shiga yaƙin. A kogin Marne da ke Faransa shirin ya wargaje.

Da Jamus ta ja daga a iyakarta da Faransa, inda take da ganuwa a birnin Metz, ta karkata gabas fa? Nasarar da Jamus ta yi a fagen daga na Tannenberg ta nuna sojojin Rasha na dokuwa. A ganina, gwamnatin Landan da ta sha wuyar shawo kan majalisarta ta shiga yaƙin, tunda ba a taɓa Beljiyam ba. Amma ƙasar Rasha faɗi gare ta, ba a cinye ta a kaka ɗaya.