Kwanton Ɓauna ko Bin Sawu a Farautar Barewa

Sau da yawa ana tambayata wace hanya ce ta fi ga mai farautar barewa: ya hau bishiya ya yi kwanton ɓauna, ko ya bi sawu da ƙafa.

Mai kwanto yakan zauna sa'o'i da asuba ko gab da magariba, lokacin da barewa ke fitowa kiwo, kuma harbinsa ya fi samun sa'a domin dabbar ba ta san da shi ba. Sai dai faɗowa daga bishiya na cikin manyan haɗurran wannan farauta, shi ya sa ake ɗaure jiki da igiya. Masu bin sawu suna ganin babu gumi a ciki, musamman idan an zuba masara don jawo dabbar, abin da wasu jihohin Amurka suka haramta.

Mai bin sawu kuwa dole ya tunkari iska, domin barewa tana jin warin mutum daga nesa, kuma ƙarar busasshen reshe ɗaya ta isa ta ɓata masa yini. Yakan dawo hannu rabbana, amma a ganina ya fi sanin daji.

Kwanto ya dace da mai haƙurin zama ko wanda ƙarfinsa ya ragu, bin sawu kuwa sai mai ƙafa da isasshen lokaci.