Gargaɗi: masu cusa wa jama'a katin hoto da sunan wai sabar ba ta aiki sai da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Damagaram, musamman ɗalibai masu koyon aikin rezo da masu shagon gyara da suka fara haɗa ƙaramar sabar a gida.

Akwai wani ciniki da ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook, kuma yana cin kuɗin mutanen da da ƙyar suka tara shi. Mutum zai yi tambaya a fili cewa yana so ya sa manhajar Proxmox a kan tsohuwar kwamfutar Dell ko HP, don ya tada kwamfutoci uku ko huɗu a cikin guda, abin da ake kira VM. Ba a jima ba sai wani ya biyo shi shi kaɗai, ya ce, "Ɗan uwa, kowace VM tana son nata hoton, in babu kart girafik, wato katin hoto, allo baƙi za ka gani." Sai ya turo hoton kwali mai rubutun GTX 1050 Ti 4GB, ya ce kaya suna Kano, a tura rabin kuɗi ta ajans, sauran in mota ta iso tasha. Wani lokacin daga tura kuɗin sai lambar ta mutu. Wani lokacin kuma kaya su iso, kuma nan ne ɓarnar ta fi girma, domin ga asarar kuɗi ga haɗarin ƙona na'ura.

Maganar tasa ƙarya ce tun daga tushe. A tsarin da aka saba, VM ba ta amfani da katin hoton da ke cikin akwati. Manhajar da ke ɗauke da ita, ko Proxmox ce ko ESXi ko Hyper-V, ita ke ƙirƙira mata katin hoto na manhaja, furosesa ya zana allon, kai kuma ka kalle shi daga wata kwamfutar. A Proxmox za ka buɗe burauza a kan laftof ɗinka, ka rubuta adireshin sabar ɗin da lambar 8006, ka danna konsol, allon VM ya bayyana. Linux ana shiga ta SSH, Windows ta RDP. Ko VM goma ka tada, masu ajiye fayil, masu pfSense mai tsaron rezo, masu koyon Windows Server, babu wadda za ta nemi kati. Windows 11 da ke neman guntun tsaro na TPM 2.0 ma, Proxmox na ba ta na manhaja.

Abin da VM ke ci shi ne RAM, sai faifai mai sauri, sai furosesa. Proxmox kanta tana son kamar giga 2. Windows 11 ba ta yarda da ƙasa da giga 4, kuma ba ta sakewa sai da 8. Debian, wani nau'in Linux, marar allo tana zaune lafiya a giga 1. Wanda ke da giga 8 ya ga na'urarsa tana jan ƙafa, maganinsa ya kai ta 16 ko 32 ya kuma canza tsohon faifai mai juyawa da SSD. Ba mu ga dalilin da zai sa a karkatar da kuɗin RAM zuwa kati ba.

Sau da yawa ma matsalar da ake fakewa da ita saiti ne kawai. In VM ta ƙi tashi, a shiga BIOS a kunna saitin da ke ba furosesa damar ɗaukar VM, wato VT-x a kan Intel, ko SVM a kan AMD. Tsofaffin na'urorin ofis da yawa suna zuwa da shi a kashe. A Linux, bayan an kunna saitin, umarnin grep -E 'vmx|svm' /proc/cpuinfo zai nuna ko furosesan yana da shi. Wannan gyara kyauta ne, amma mai talla ba zai faɗa maka ba.

Gaskiya ne sabar tana buƙatar abin da zai nuna allo ranar da ake sa mata manhaja daga kile na USB, da ranar da ta ƙi hawa rezo. To amma mafi yawan abin da ke hannun jama'a yana da shi a cikin furosesa. Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre masu i3, i5 ko i7 galibi suna fitar da hoto ta ramin da ke bayan kart mer, wato babban faifan da ake soka sauran kayan a jikinsa. Manyan sabar irin Dell PowerEdge da HP ProLiant suna da nasu ƙaramin guntun hoto a jikin kart mer, ga kuma iDRAC ko iLO na shiga daga nesa. Waɗanda ba su da komai su ne Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-9400F, da Ryzen na jerin 1000 zuwa 5000 da ba su da G, da Xeon E5 a kan kart mer ɗin X79 ko X99 da ake kawowa daga Sin. Su ma abin da ya ishe su shi ne kati mafi araha, irin GT 710 mai cin wat 19, wanda wasu nau'o'insa ko fanka ba su da ita.

Wanda yake buƙatar kati na gaske ya san kansa: mai son wasa ko aikin 3D a cikin VM ta Windows, da mai son gudanar da manhajar AI a gida. Shi kuma aikin ba soka kati ba ne kawai. Sai furosesa da kart mer sun yarda da VT-d ko AMD-Vi, a kunna IOMMU, wato saitin da ke ba da damar miƙa wa VM kati, a raba katin da direbansa a kan sabar, a miƙa shi kacokam ga VM guda. Guda ɗaya tak. Duk wanda ya ce maka GTX ɗaya za ta rarrabu wa VM huɗu da zarar ka soka ta, ko bai sani ba ne ko yana so ya cuce ka, domin raba kati a hukumance aikin katunan kamfanoni ne masu lasisi. Mai son Jellyfin ko Plex don kallon bidiyo a gida kuwa, Quick Sync da ke cikin furosesan Intel ya ishe shi, musamman daga ƙarni na 7 zuwa sama.

Sai ƙarya ta biyu, wato katin kansa. Abin da aka daɗe ana yi shi ne a ɗauko GTS 450 ta 2010 ko GTX 550 Ti ta 2011, a sake rubuta mata BIOS, a ɗora sabuwar fanka da sitika, ta riƙa kiran kanta GTX 1050 Ti, wadda ta fito a 2016. Windows za ta nuna sunan da aka rubuta, shi ya sa hoton allo da mai talla ya turo ba shaida ba ne. A fara da ido: 1050 Ti da 1060 na asali suna zuwa da HDMI, DisplayPort da DVI-D, don haka in ka ga shuɗin ramin VGA, ka ajiye. In an haɗo ka da faifan CD aka ce kada ka sauke direba daga shafin Nvidia, ka ajiye. Tsofaffin katunan nan direbansu na Windows ya tsaya a 391.35, sabo ba ya hawa. Sannan a buɗe GPU-Z, manhaja ce ta kyauta. 1050 Ti ta gaskiya tana nuna guntu GP107 da ƙwayoyin lissafi 768. Ta jabu tana nuna GF106 ko GF116 da ƙwayoyi 192, kuma tun 2018 manhajar kan rubuta FAKE a gaban sunan. Giga 4 ɗin ma yawanci giga 1 ne. Katin zai yi lafiya a kan allon Windows, da an ɗora masa aikin da ya wuce gigan nan guda sai hoto ya wargaje ko na'ura ta sandare.

Akwai kuma RX 580 da suka cika kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022. Da yawansu sun shekara suna aiki dare da rana. Ta asali ƙwayoyinta 2304, wadda ake kira 2048SP kuwa ƙarfinta na RX 570 ne. Tesla K80 da M40 da ake tallatawa a matsayin "katin sabar" ba su da ramin allo ko ɗaya, ba su da fanka, suna cin wat 250 zuwa 300, kuma igiyar wutarsu irin ta furosesa ce. A akwatin gida, cikin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ba za su jure ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne wuta. Akwatin wutar ƙananan OptiPlex da EliteDesk wat 180 zuwa 240 ne, kuma ba shi da igiya mai fil 6. GTS 450 tana iya jan wat 106, RX 580 kuma 185. Mai talla sai ya haɗo ka da 'yar igiya mai juya SATA zuwa fil 6, alhali kan SATA bai wuce ɗaukar wat 54 ba. Robar kan narke, kuma na'ura ce da ke kunne a ɗaki mutane suna barci. Ko da katin zaman banza yake yi, in yana cin wat 20, a wata kilowat-awa 14.4 ke nan. Ga mai sola, cikin awa 12 na dare ya zuƙe amfiya-awa 20 daga batir mai volt 12, ga ondilar, wato UPS, da za ta mutu da wuri in an ɗauke wuta, ga ƙarin fanka mai jawo ƙurar hunturu.

Ba a cinikin biri yana sama. Wanda lallai yana buƙatar kati, ya sa a kawo shi shago a nan cikin gari, a soka a gabansa, a sauke direba daga shafin Nvidia ko AMD, a duba GPU-Z, a bar shi yana gwajin FurMark ko Unigine Heaven na minti 20 ana kallon zafi. Mai kayan kirki ba ya gudun wannan.

Wanda kuma ya riga ya saya, ya kashe na'ura ya cire katin yau, ya mayar da igiyar allo ramin kart mer, ya duba kan igiyoyin SATA ko sun yi baƙi ko suna warin ƙuna. In allo bai dawo ba, ya cire ɗan batirin CR2032 na minti guda don BIOS ta koma yadda take, sannan ya sake kunna VT-x. Kada ya goge hirar, ya adana rasit ɗin ajans da lambar da aka tura wa kuɗi da hoton GPU-Z, ya kai komisariya, domin tun 2019 Nijar tana da doka kan laifukan intanet. Kuma don Allah kada ya sayar wa wani ɗan uwa da katin don ya mayar da kuɗinsa.