Laravel 11 bayan mun saba da 10: abin da ya burge ni da inda ya kamata a taka a hankali

Salamu alaikum jama'a. Tambayar da 'yan uwa masu harkar kod a nan Kaduna suka fi yi min ita ce wai su tashi daga Laravel 10 (Laravel tsari ne na gina manhajar yanar gizo da yaren PHP) su koma 11 ko su bari kawai tunda aiki yana tafiya, musamman masu riƙe da fotal ɗin makarantun kuɗi da manhajar shaguna da ta ƙananan asibitoci. Ni dai amsata ku koma, babu wani dogon tunani, domin Laravel 10 ya fito ne a Fabrairun 2023 kuma a ƙa'idar masu Laravel wata 18 ake gyara kurakurai, shekara 2 ake toshe ɓarakar tsaro, kenan tun Fabrairun 2025 an rufe masa littafi. Ka riƙe bayanan ɗaliban mutane da lambobin wayar iyayensu a kan abin da ba a ƙara duba tsaronsa, wannan amana ce fa. Amma kowa Kernel yake ta magana, wato fayil ɗin da ake jera saitin manhaja a 10, an cire Kernel an cire Kernel, alhali wurin da ake karyewa yana can wani gefe da ba a cika ambata ba, zan zo kansa.

Laravel 11 ya fito ranar 12 ga Maris 2024, kuma duk wanda ya buɗe sabon furojet a ranar farko abin da zai fara lura da shi shine foldar app ta rame. A 10 kana da fayil tara na midilwaya, wato kod mai tace buƙata kafin ta isa manhaja, a cikin app/Http/Middleware waɗanda yawancinmu ba mu taɓa buɗe ko rabinsu ba, ga furobaida guda biyar, wato fayilolin da ke shirya manhaja in ta tashi, ga Kernel biyu, na Http da na Console, ga Handler na kurakurai. A 11 duk an kwashe, AppServiceProvider kaɗai aka bari, sauran saitin kuma an tattara shi wuri ɗaya a bootstrap/app.php, inda za ka ga withRouting da withMiddleware da withExceptions a jere. Kamar mai shago ne a Kasuwar Barci da ya kwashe kaya ya kai sito ya bar 'yan kaɗan a kan kanta, kayan suna nan babu abin da ya ɓace, sai dai wanda bai san hanyar siton ba zai rantse babu su. Gaskiya ni tsarin ya yi min, yanzu in na karɓi aikin wani fayil ɗaya zan buɗe in ga me ya ƙara me ya canza, a da sai na bi wuri huɗu ko biyar kafin in gane inda ya ɓoye abu.

Bari in ba da misali da abin da kusan kowa a nan yake yi, wato karɓar kuɗi ta Paystack. Idan iyaye sun biya kuɗin makaranta, Paystack yana turo saƙo zuwa sabarka ya ce an biya, kuma in adireshin da ka ba shi yana cikin routes/web.php to tsaron CSRF, mai hana fom na bogi shigowa daga waje, zai tare shi ya mayar masa da kuskure mai lamba 419, kuɗi ya fita daga asusun mutum amma fotal yana cewa bai biya ba, ga uba ya taso tun daga Rigasa ya zo ofishin makaranta da alat a waya yana nunawa. A 10 sai ka je VerifyCsrfToken.php ka saka adireshin cikin except shikenan. A sabon furojet na 11 fayil ɗin ma babu shi, cikin withMiddleware za ka kira validateCsrfTokens ka ba shi except ɗin a nan. Layi biyu ne, amma in ba a faɗa maka ba wallahi za ka iya yini kana lalube. Haka sunayen midilwaya da muke ba su kamar admin ko bursar, yanzu alias ake kira a wurin nan ɗaya. Jadawalin aiki, irin tura saƙon tuni ga masu bashi duk safiya, shi ma ya tashi daga Console Kernel ya koma routes/console.php, amma kiron ɗin (cron, mai gudanar da umarni a kan lokaci) da ka saka a cPanel, shafin sarrafa hostin, na schedule:run duk minti ɗaya bai canza ba, kar ka taɓa shi.

Sai routes/api.php, shi ma ba ya zuwa da kansa yanzu. In kana so ka haɗa da manhajar waya ta Flutter ko React Native sai ka buga php artisan install:api, zai ƙirƙiro fayil ɗin ya sako maka Sanctum, fakej ɗin tantance masu shiga ta api. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, yawancin ayyukan da muke yi wa makarantu Blade ne zalla, wato shafukan da Laravel yake fitarwa da kansa, me za a yi da api.

Inda tsarin bai yi min daɗi ba shine wajen masu koyo, kuma abin yana damuna sosai don ina ganin yaran da suke zuwa SIWES daga Kadpoly da KASU. Yaro ya sayi data da kuɗin abincinsa ya sauke bidiyon koyarwa na awa shida a YouTube, bidiyon an yi shi da Laravel 8 ko 9 ko 10, shi kuma composer, abin sauke fakej na PHP, ya sauko masa da sabo, malamin bidiyo ya ce buɗe Kernel.php yaro ya duba sama da ƙasa babu, sai ya ɗauka shi ne ya lalata wani abu ya goge komai ya sake saukewa, data ta ƙare. In ya tsallake wannan sai ya zo kwanturola, bidiyo ya ce rubuta $this->middleware a cikin construct, nan ma kuskure ja zur, saboda kwanturolar tushe ta 11 fanko ce, babu AuthorizesRequests babu ValidatesRequests, sai dai ka yi amfani da HasMiddleware ko ka ɗora midilwayar a kan rawut kai tsaye. A da ko ba komai fayilolin suna gabanka, kana buɗe TrimStrings ka karanta ka gane ashe ga abin da yake share sarari a bakin rubutun fom. Yanzu sun shige cikin vendor, foldar da composer yake ajiye fakej, kuma mai koyo ba ya shiga vendor. Don haka ƙannena dan Allah kafin ku bi kowane darasi ku buga php artisan --version ku ga wanne ne a kwamfutarku, kuma a shafin dokumen na Laravel akwai wurin zaɓen lamba a sama, ku daidaita shi da naku.

SQLite da suka mayar databes na farko kuwa alheri ne ga mai koyo, ba sai ka kunna XAMPP ka jira MySQL ya tashi ba, laftof mai ƙaramin ram da batirin da ba ya riƙe caji in an ɗauke wuta ta samu sauƙi. Abin lura ɗaya, seshan da kash da kiyu (session, cache, queue) duk a databes ake ajiye su yanzu, to in ka canza DB_CONNECTION zuwa mysql a .env, fayil ɗin saiti da mabuɗan sirri, ka manta ba ka yi migrate ba, shafin farko ma ba zai buɗe ba, zai ce bai ga teburin sessions ba.

To yanzu ga maganar da na ce zan zo kanta, masu tsohon furojet ku buɗe kunne. Abu na farko, ba dole ba ne ku canza tsarin foldarku. Jagorar da Laravel ɗin suka fitar da kansu ta ce ba su ba da shawarar ka mayar da tsohon furojet zuwa sabon tsari ba, 11 yana aiki lafiya lau da Kernel ɗinka da furobaidoji biyar ɗinka yadda suke. Ina ganin mutane suna goge fayiloli da hannu wai don furojet ya yi kama da sabo, wahala ce kawai da jawo wa kai matsala, kwastoma ba ya ganin foldar app.

Abin da zai ci mutum shine change, umarnin canza kolam a maigireshan, wato fayilolin da ke tsara teburan databes. A 10 akwai fakej ɗin Doctrine DBAL a ƙasa, in ka ce a canza kolam yana riƙe sauran siffofinsa ya taɓa abin da ka ce kawai. A 11 an cire Doctrine, kuma duk siffar da ba ka sake rubutawa ba to ta tafi. Ka ɗauka kana da kolam na ragowar kuɗin makaranta, unsigned ne, wato ba ya karɓar lamba mai ragi, kuma default ɗinsa 0, sai ka rubuta sabon maigireshan don ka ƙara masa comment kawai ka rufe da change. Zai wuce salin alin babu ko gargaɗi, amma unsigned ya tafi default ya tafi. Sai ranar da aka zo yi wa sabon ɗalibi rajista fom ya ƙi shiga, MySQL yana cewa kolam ɗin ba shi da default, kai kuma kana can kana binciken kwanturola alhali matsalar tana tebur. Haka in kolam nullable ne, wato ana iya barinsa fanko, misali lambar wayar uwa da ba kowa yake bayarwa ba, ka ƙara masa tsawo ka manta nullable, ya zama dole kenan. Kuma tsofaffin maigireshan ɗinka da aka rubuta da tunanin 10, a sabar da take aiki ba za a sake gudanar da su ba, amma ranar da ka ɗora furojet ɗin a sabuwar saba don wata makarantar, ko ka yi migrate:fresh, teburin da zai fito ba lallai ya zama irin na da ba. Mafita ko dai ka bi duk inda ka taɓa rubuta change ka cike siffofin, ko ka yi php artisan schema:dump ka dunƙule tsofaffin kafin ka tashi. Na fahimci dalilinsu, rage dogaro da wani fakej abu ne mai kyau, amma canjin da yake wucewa shiru ba tare da ya yi ihu ba ni a wurina ya fi kowanne haɗari, kuma nan ne na rage musu maki.

Na biyu Carbon, wato abin da yake lissafin kwanan wata. Laravel 11 yana karɓar Carbon 2 da 3 duka, to composer update zai iya jawo maka 3 ba ka sani ba. A Carbon 2 diffInDays cikakkiyar lamba yake bayarwa kuma ba ta zuwa da alamar ragi, a 3 kuwa yana ba da lamba mai ɗigo kuma tana iya zama ƙasa da sifili gwargwadon wanne kwanan ne gaba. Yi tunanin manhajar mai shagon kayan masarufi a Kasuwar Sheikh Gumi da aka rubuta mata cewa in bashi ya wuce kwana 30 a tura wa mutum saƙo, kod ɗin yana auna daga yau zuwa ranar da aka karɓi kaya, da 45 yake fitowa yanzu zai fito da ragi, kuma lamba mai ragi ba za ta taɓa wuce 30 ba, saƙo ya daina fita, Alhaji yana zaune yana mamakin me ya sa mutane suka daina biya. Ku bincika duk inda kuka rubuta diffIn a furojet, ɗaya bayan ɗaya. Masu Sanctum kuma in kun koma na 4 ku sani ba ya loda maigireshan ɗinsa da kansa kamar da, sai kun yi vendor:publish.

Kafin duk wannan ma ku duba hostin. Laravel 11 yana buƙatar PHP 8.2 ko sama, 10 kuwa 8.1 ya ishe shi. Akwai wani kamfanin hostin mai araha da na yi aiki da shi wanda a cPanel ɗinsa sai da aka yi ta aika musu saƙo kafin 8.2 ya bayyana, kuma ko bayan an zaɓa na taminal ɗinsu daban yake da na shafin. Ku tabbatar da wannan tun kafin ku taɓa composer.json, sannan ku bi fakej ɗinku, irin na fitar da PDF na rizalt da na Excel da na izini, ku ga ko kowanne ya yarda da 11.

Abubuwan da na ji daɗinsu suna da yawa amma ba sai na tsaya dogon bayani ba. APP_PREVIOUS_KEYS ya burge ni, don in .env ya taɓa fita, kuma mun san yadda yara suke tura shi GitHub, yanzu za ka iya canza APP_KEY ba tare da bayanan da aka kulle da tsohon mabuɗi sun lalace ba. Akwai adireshin /up da zai gaya maka ko manhaja tana raye, akwai casts da ya zama method a cikin model, akwai iyakance buƙata a duk daƙiƙa. Reverb kuma, sabar saƙon kai tsaye da suka fitar tare da 11 wadda za ta iya maye maka Pusher, kamfanin da yake ba da irin wannan sabar, abu ne mai kyau amma yana son ya zauna a kunne kullum, hostin na haɗaka ba zai bar ka ba, sai VPS, wato sabar haya da kake sarrafawa da kanka, kuma VPS yawanci da dala ake biya, mu da muke karɓar naira mun san me hakan yake nufi. In za a ce in ba da maki, takwas cikin goma ga wanda ya riga ya iya, shida ga mai fara koyo.

In kun isa 11 kar ku zauna, shi ma tsaronsa Maris 2026 aka yanka masa. Laravel 12 ya fito Fabrairun 2025 kuma tsakaninsa da 11 canjin kaɗan ne, PHP 8.2 ɗin dai ya ishe shi, babban abin shine Carbon 2 ya tafi gaba ɗaya, to in kun gyara diffIn tun yanzu kun rage aiki. Mai hali zai iya biyan Laravel Shift, wani sabis na intanet, ya yi masa afgired ɗin ya turo a GitHub ya duba, amma ko da shi sai ka gwada rajista da biyan kuɗi da fitar da rizalt da hannunka a kwafin databes, ba a na gaske ba. Kuma ku zauna da mai makaranta ko mai shago ku yi masa bayani da Hausa cewa wannan aiki ne mai zaman kansa da kuɗinsa, ku zaɓi lokacin hutun zango ku yi shi, kar ku kuskura ku taɓa fotal a satin da ake shigar da sakamakon jarrabawa.